Ɗigo Ɗaya Tsakanina da Kunkuru

Wata Litinin a kwanakin baya na yi awa huɗu a layi domin in tabbatar wa hukuma cewa ni ba kunkuru ba ne. Ina baƙin cikin shaida muku cewa ban yi nasara ba. A takardunsu, har zuwa wannan safiya da nake muku magana, kunkuru ne ni cikakke, da hatimi da sa hannun manya.

Wanda bai san ni ba, to bai taɓa shan romon kifi na gaskiya ba. Ni ne Wang Shui-mu, mai rumfa ta takwas a tsohuwar kasuwar bayan haikali. Shekarata saba'in da tara, haƙorana goma sha ɗaya, kuma duk nawa ne, ba na kanti ba. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini guda, ban kuma ga abin da waɗanda suka zauna suka fi ni da shi ba in ban da tabarau. Guguwar teku ta yaye mini rufi sau biyar, sau biyar ina mayar da shi kafin maƙwabta su gama kuka. Babbar girgizar ƙasar nan ta same ni da tukunya a hannu, ko cokali ɗaya bai zube ba. Likitoci biyu sun ce ba zan ga baɗi ba. Na halarci jana'izar kowannensu, na ci na ƙoshi. Wannan shafi kuwa da baki nake yin sa: in faɗa, waya ta rubuta, tsohuwata, wato matata A-Yu, ta duba kafin a tura wa jarida. In kun ga wani wuri ya yi gajere, alƙalaminta ne ya bi ta wajen.

To, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Shekara goma sha ɗaya ke nan muna roƙon a gyara mana magudanar ruwan kasuwa. Duk lokacin zaɓe, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko ban ɗaki ba a buɗewa a garin nan sai ya yanka ƙyalle, yakan zo da tawaga, ya leƙa magudanar, ya toshe hanci da hankici, ya ɗaga ɗaya hannun ya yi alkawari. Ni ba na ɓoye alherin mutum: yana da riƙon alkawari. Ya riƙe wannan shekara goma sha ɗaya, bai sake shi ba ko sau ɗaya. Bana da ya zo, warin ya kai inda ya kasa duban ƙasa, sai ya ɗaga kai sama. Nan ne tsautsayi ya same mu, domin a sama allunan rumfunanmu suke. Ya ga wani ja, wani baƙi, wani dogo, wani a karkace, ya ce wannan hargitsin ne ke korar masu yawon buɗe ido. Ba wari ba, jama'a. Alluna.

Nan da nan aka haɗa tawagar mutum ashirin da biyu, suka tafi ƙasashen waje kwana goma domin nazarin alluna. Sun sha wahala ƙwarai, na ga hotunan, babu wanda wandonsa bai matse shi ba. Suka dawo mana da ilimi mai zurfi, wato a can ma saman ƙofa ake rataya allo.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, Pei-shan. Na ce yarinya, amma ta haura talatin. Jikar marigayi Gwani Tseng ce, mai rubuta alluna, kuma ta gaji sana'ar, sai dai shi da buroshi yake yi, ita da kwamfuta. Da ta ji labari, ta nemi a ba ta aikin zana mana sababbin alluna. Mako uku tana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya da littafi a hannu, tana tambayar abin da ko surukai ba sa tambaya: wa ya kafa rumfar, me ake kiran ka a gida, su wa ke saye da safe, daga wane ɓangaren titi suke fitowa. Ni dai na ce mata in miji take nema ta faɗa kai tsaye, ina da ɗan ƙane direban bas.

Aka kira taron 'yan kasuwa a harabar haikali, aka raba abinci a kwali, kowa da cinyar kaza. Ya kamata in yi shakka tun daga nan, domin tun da nake ban taɓa ganin hukuma ta ba da cinya ba tare da ta zo karɓar wani abu ba. Amma cinyar ta soyu. Babban Mai Riƙe Jakar Mai Girma ya miƙe ya kunna majigi. Ya ce ɗaukar mai zane ɓarnar dukiyar talakawa ce, kuma kun san yadda dukiyar talakawa ke hana su barci. Ya ce a cikin kwamfuta akwai zane shiryayye, an riga an dafa an rufe, kai dai ka zuba suna a gurbi ka danna. Kyauta. Kowace rumfa allo iri ɗaya, launi ɗaya, tsawo ɗaya: sunan gidan mai rumfa a gaba, lambar rumfa a bayansa da rubutun gargajiya don ya burge baƙi, a ƙasa kuma a sa “Maraba, sai kun sake dawowa.” Ni mai kifi ne, kallo ɗaya na gane shi. Zanen gwangwani ke nan.

Pei-shan ta miƙe ta ce, “Kawunnai, gwaggonni, ku yi haƙuri in faɗi magana ɗaya. Kwamfutar nan fa ba ta san ku ba.”

Sai wani dattijo mai kwarjini ya ɗaga murya ya ce, “'Yata, ai mu ma ba mu san ta ba, an yi kunnen doki!” Aka fashe da dariya, har Mai Riƙe Jaka ya tafa. Dattijon ya ji daɗin kansa, ya ƙara da cewa allo ai allo ne, ba a shan sa, ba a miya da shi, kuma wanda zai biya kuɗi a kan abin da ake bayarwa kyauta a kai shi asibiti. Da aka ce a ɗaga hannu, shi ya fara ɗagawa, da ƙashin kaza a hannun. Ba zan faɗi sunansa ba saboda girmansa. Tsohuwa ta ce in ban faɗa ba ita za ta rubuta da hannunta. To, ni ne.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne ilimina yake. Na ce muku ban yi karatu ba, amma a rubutunmu, inda kowane harafi kalma ce guda, harafi biyu na sani a duniya, kuma na san su fiye da duk wani mai tabarau. Na farko sunan gidanmu, Wang, ma'anarsa sarki: layi uku a kwance, ɗaya a tsaye ya soke su. Na biyu “pa”, wato takwas: layi biyu a buɗe kamar ƙafafun mai hawa babur. Gwani Tseng ne ya koya mini su shekara arba'in da uku da suka wuce, ranar da na je ya rubuta mini allo. Na shiga ina taƙama na ce, “Gwani, rubuta mini Wang, ka bi shi da takwas, kowa ya san wane ne kuma a ina yake.” Ni ɗan ƙauye, da harshen gida nake kiran sunana, ban san yadda yake fita a bakin 'yan makaranta ba.

Gwani ya ajiye buroshi ya dube ni. Ya ce, “Kana da mata?”

Na ce, “Wata uku da aure.”

“Kana son ta?”

“Tana iya girki.”

Ya ce, “To, zauna.”

Ya warware mini. Wang shi kaɗai sarki ne. Takwas ita kaɗai lambar arziki ce, kowa na rububin ta. Amma in sarki ya wuce gaba takwas ta biyo shi, an ce wang-pa, kunkuru ke nan. Kunkuru kuwa, kun sani, shi ne mutumin da yana fita kasuwa wani ke shiga gidansa, shi kuma ya ja kai cikin ƙoƙo ya yi kamar bai gani ba. Zagi ne da ake zare wuƙa a kansa. Sai Gwani ya juya su, ya sa takwas a sama, sarki a ƙasa: Pa Wang, Sarakuna Takwas. Ya ce, “Haddace su. Duk ranar da ka ga sarki a gaba takwas a baya bisa kanka, fasa allon kafin matarka ta gani.” Shekara arba'in da uku ina zaune ƙarƙashin allon nan, har baƙi na zaton mu takwas ne, saboda aikin da nake yi mutum ɗaya ba zai iya ba.

To me ya sa ban tuna ba ranar taro? Na gaya muku cinyar ta soyu.

Ranar Juma'a ma'aikata suka zo da mota, suka sauke tsofaffin alluna, suka rataya sababbi, kowanne a lulluɓe da jan ƙyalle. Aka ce ba a buɗewa sai Asabar ta sama, ranar da Mai Girma zai zo da 'yan talabijin. Tsohon allona na ƙwace daga hannunsu na tura ƙarƙashin gado. Aka kuma sanar da ni cewa da rumfata za a fara buɗewa, saboda ita ce mafi daɗewa a kasuwar. Na ce daidai ne, an ma makara.

Maƙwabcina na rumfa ta bakwai, Kuo mai awara mai wari, mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe. Shekara talatin muna faɗa a kan hayaƙi. Motar na ba da baya ya ɗauko sanda, ya ɗaga ƙyallensa ya leƙa, ya tsallaka ya ɗaga na mai sayar da akwatin gawa, ya karanto mana da ƙarfi: “Maraba, sai kun sake dawowa!” Muka yi dariya har na riƙe ciki. Sannan ya dawo ya ɗaga nawa. Ya sauke ƙyallen a hankali, ya zauna a kan bokiti, kafaɗunsa na rawa.

Na ce, “Kai, tsohon banza, mene ne?”

Ya ce, “Haba, Yaya Wang. Shekara talatin muna tare, ba ka taɓa gaya mini ba?”

“Gaya maka me?”

“Wane ne? Mai kawo ƙanƙara ne? Da ma na lura yana daɗewa in ya shiga ta baya.”

Na fizge sandar na ɗaga da kaina. Layi uku, ɗaya ya soke su. Ƙafafu biyu a buɗe a bayansa. Kowanne ya kai girman faranti, an kuma sa musu fitila a ciki don a hango daga bakin titi.

Tsohuwa ta fito daga bayan tukunya tana goge hannu. Ita ta yi aji shida, har takardar magani tana karantawa. Ta dubi sama, ta dube ni.

Na ce, “Tsohuwa, an zage ni.”

Ta ce, “Kai? Kai me aka ce ka yi? An ce ka ja kai ka yi shiru, abin da ba ka taɓa yi ba tun da aka haife ka. Ni aka zaga, tsoho. Ni aka ce ina buɗe ƙofa.”

Kuo ya daina dariya, ya koma rumfarsa yana juya awarar da ba ta bukatar juyi.

Ta ce, “Shekara arba'in da uku ina cire ƙayar kifi a wurin nan, babu wanda ya taɓa nuna ni da baki. Ranar Asabar, in aka yaye ƙyallen nan wannan abu yana bisa kaina, a gaban talabijin, jikokina na kallo, zan kashe wuta in kife tukunya in tafi wajen ƙanwata a kan dutse. Sai ka dafa romon naka da ka yi suna da shi.”

A nan ya kamata in yi ɗan bayani. Romon nawa ne, kowa ya sani. Ni ke ɗanɗanawa, ni ke tsayawa a gaba, ni ke gaya wa masu saye sirrinsa. Abin da tsohuwa take yi kawai shi ne zaɓen kifin, da gyarawa, da dafawa, da sa gishiri. Duk da haka na ga bai kamata a bar ta ta tafi ba.

Abin da ya kai ni layin Litinin ke nan. Ofis ne mai sanyi kamar ɗakin ajiye kifi. Taga bakwai, ɗaya ce a buɗe. Masu sauran shidan sun tafi taron bita a kan yadda za a rage layi. Da lambata ta fito, na tarar da Uwargida Mai Taga, tabarau a ƙarshen hanci.

“Kawu, me ke tafe da kai?”

“An rubuta ni kunkuru.”

Ta danna, ta danna. “Sunan gida Wang?”

“Tun kakan kakana.”

“Rumfa ta takwas?”

“Tun kafin a haife ki.”

“To ai daidai ne, Kawu. Babu kuskure.”

Na ce, “Karanta shi da ƙarfi, mutanen layi su ji.”

Ta buɗe baki, ta rufe, kunnuwanta suka yi ja. Ta ce, “Kawu, ni aikin shigarwa aka ɗauke ni, ba na karantawa ba.”

“To juya su. Sa takwas a gaba.”

“Gurbin farko ba ya karɓar lamba.” Ta gwada don in gani, kwamfutar ta yi ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Sai ta lissafa mini hanyoyi uku, da ladabi ƙwarai. Ko in je kotu in canza sunan gidanmu. Ko in cika fom na ƙorafi, a ba ni amsa cikin kwana casa'in na aiki. Ko in koma wata rumfar. “Kwamfuta ta nuna rumfa ta huɗu babu kowa.”

Na ce, “'Yata, kin san abin da ya sa babu kowa?” Shekara ashirin ba wanda ya yarda ya zauna a ta huɗu, tun da huɗu da mutuwa kusan sauti ɗaya ne a bakinmu. “Wato in ban yarda matata na cin amanata ba, sai in rataya allo mai fitila cewa Wang ya mutu?”

Ta ce, “Zaɓi na wajenka, Kawu. Mu ba ma tilasta wa kowa.”

Kun ji adalci. Na ce to zan hau tsani in fasa shi. Ta zaro takarda ta karanto mini: allon dukiyar hukuma ne, ba a taɓa shi, ba a goge shi, ba a liƙa masa komai, wanda ya yi, ga tara, ga ƙwace rumfa. Ta ba ni takardar in tafi da ita, ta kuma roƙe ni in danna maɓalli in nuna ko na gamsu da hidima. Maɓallan uku ne: na gamsu, na gamsu ƙwarai, da wanda ya lalace.

Ranar Talata Kuo ya zo da fuskar ta'aziyya, wai saboda zumunci ya yarda mu yi musaya. Shi ya karɓi takwas, tun da Kuo Takwas ba zagi ba ne, ni in koma bakwai. Mutumin da shekara talatin yana haɗiyar yawu a kan lambata! Na ce masa ranar da zan bar rumfa ta takwas a kwance za a fitar da ni, kuma a bi da ni ta gaban awararsa, warin zai tashe ni in dawo.

Ranar Laraba tsohuwa ta sa takalmin zuwa biki ta ce, “Tashi.”

“Ina?”

“Wajen wadda ka yi wa kunnen doki.”

Pei-shan na aiki a saman tsohon shagon kakanta. Ta tarbe mu da shayi, ta ba tsohuwa kujera mai taushi, ni ta ba ni mai ƙafa uku.

Ta ce, “Kawu Wang! Allo ai allo ne, ba a miya da shi. Me ya kawo ka?”

Na ce, “Wucewa muke.” Tsohuwa ta take mini ƙafa da takalmin biki.

Ashe ta san zancen kunkurun. Tun ranar taro, da ta ga tsarin a majigi, ta tuna sunana da lambata a littafinta. Sau uku tana rubuta wa ofis, sau uku suna aiko mata da lambar da aka ba wasiƙarta.

Na ce, “To me ya hana ki faɗa a taron?”

Ta ce, “A gaban mutum ɗari, Gwaggo na zaune a layin gaba? In ce me, Kawu?”

Ta kayar da ni a magana. Wannan ne karo na biyu a rayuwata. Na farko kakanta ne ya jawo shi.

Ta karɓi takardar doka ta karanta sau biyu, tana bin ta da yatsa. Can ta juya ta ce, “Gwaggo, Yu ɗin sunanki wanne ne?”

“Na koren dutse, wanda ake awarwaro da shi.”

Ta jawo takarda, ta ɗauko buroshin kakanta, ta ja layi uku, ta soke su da ɗaya. Ta ce, “Kawu, wane ne wannan?” Na ce ni ne. Sai ta diga ɗigo ɗaya a ƙasa, ɓangaren dama, tsakanin layi na biyu da na uku. “Yanzu fa?”

“Ni ne, ƙuda ya sauka mini a ƙafa.”

“Ba kai ba ne kuma. Gwaggo ce.”

Jama'a, ashe sarki da ɗigo ɗaya shi ne Yu. Yu Pa, wato Yu mai rumfa ta takwas. Babu kunkuru, babu mai ƙanƙara, babu komai. Na ce ai an hana taɓa allon. Ta ce, “Takardar ta ce ba a taɓawa. Ba ta ce ba a tsayawa kusa da shi ba.”

Na ce, “To ni fa? Ina sunana?”

Ta ce, “Kana nan, Kawu, layukan duk naka ne. Ɗigon kaɗai ne nata.”

Tsohuwa ta ce, “Kamar romon.”

Ranar Alhamis Pei-shan ta zo da wani ɗan baƙin kifi na katako, bai fi tafin hannu ba, a lanƙwashe daidai yadda buroshi ke ajiye ɗigo. Muka ɗage ƙyalle, Kuo na mana gadi, ta ɗaura kifin da zaren fatsa daga katakon rufi, ya sauko gaban allon, yatsa biyu tsakaninsu. Ta tsallaka titi ta duba, ta dawo ta rage zare. Ta tsuguna ta duba. Ta hau babur ɗinta ta wuce ta duba, ta juyo daga ɗaya ɓangaren ta sake dubawa. Kwamfuta ta yi allo sittin kafin shayi ya huce, ita ɗigo ɗaya ya cinye mata rabin yini. Na so in yi magana a kan haka, na tuna kujera mai ƙafa uku. Da ta gama ta faɗi ladanta, tsohuwa ta biya ba ciniki, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ko mai kifi ba.

Asabar ta zo. Aka yi ta harba wutar biki sama, masu rawar zaki suka yi ta tsalle, aka shimfiɗa jan kafet a kan magudana don kada Mai Girma ya tuna da ita. Ya yi jawabi na minti arba'in a kan yadda ya ceto dukiyar talakawa daga hannun masu zane. Ni kuwa na sa kwat ɗin aurena, wanda har yau yake yi mini daidai in ban yi numfashi ba. Tsohuwa na bayan tukunya, hannunta ɗaya a kan makunnin wuta. Na ga hannun. Ban kalli komai ba sai shi.

Mai Girma ya ja igiya, ƙyalle ya faɗi. Kifin ya ɗan yi lilo, ya tsaya cak a gurbinsa.

Mai Riƙe Jaka ya dubi takardarsa ya ce, “Wang…” ya ɗaga kai, ya sake duban takarda, ya ce, “Yu Pa.”

Mai Girma ya ce, “Wace ce Yu?”

Ni na riga na yi taku biyu da hannu a miƙe. Sai na ji an ture ni a hankali daga baya. Tsohuwa ta saki makunnin wuta, ta fito da ludayi a hannu ta ce, “Ga ni, ranka ya daɗe.” Ita aka ba allon yabo na rumfa mafi daɗewa. Ita aka ɗauka hoto. A talabijin an ga kafaɗata ta hagu, kuma duk wanda ya gani ya ce kafaɗa ce ta mutum mai daraja.

Mai Girma ya nuna sama ya ce wa 'yan jarida, “Kun ga amfanin zamani? Har kifi kwamfuta ta sa musu, kuma kyauta!” Aka tafa. Pei-shan na can baya tana tafi, fuskarta kamar ta mai jiran bas. Bayan an watse, Babban Mai Duba Alluna ya hau tsani da ma'auni, ya auna, yatsa biyu. Ya duba takardar doka gaba da baya, ya sake aunawa. Ya sauko ya ce a zubo masa kwano ɗaya, a ƙara citta.

Da yamma muna wanke kwanuka, wato ita na wankewa ni ina duba ko sun fita, na ce, “Tsohuwa, ashe ɗigo ɗaya ne tsakanin sunana da naki. Wa zai ce?”

Ta ce, “Na yi aji shida, tsoho. Tun ranar da Gwani ya rataya allon farko na gani. Shekara arba'in da uku ina kallon gurbin nan.”

“To me ya hana ki magana?”

“Yaushe ka yi shiru da zan samu wuri?”

Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta daɗe tana dubawa, ruwa na zuba daga famfo ba ta rufe ba, ita da ke faɗa in na bar ɗigo ɗaya ya zuba. Na miƙa hannu na rufe mata. Ku rubuta wannan a cikin ayyukana.

Saura matsala ɗaya. Abin da aka rataya da zare, iska na da iko da shi. In gari ya yi lum, rumfar ta Yu ce. In iska ta taso, kifin ya yi gefe, na koma kunkuru har sai ta kwanta. Tsohuwa ta ce wannan ba ta damu da shi ba, tun da duk garin ya ga sunan gaskiya a talabijin, sauran kuma tsakanina da iska ne. Kuo kuwa jiya ya sayo fanka, wai don ya kore wa jama'a warin awara, mutumin da shekara talatin bai taɓa tausayin hancin kowa ba. Da na fara ba masu saye labarin girgizar ƙasa sai in ji fankar ta juyo kan kifin.

Magudana na nan tana wari, kafet ɗin ma sun naɗe abinsu sun tafi. Mai akwatin gawa har yanzu yana gayyatar jama'a su sake dawowa. Ku dai ku zo ku sha romo. In kun hango Yu, ku shigo ku gaida mai rumfa. In kun hango kunkuru, ku kashe wa Kuo fanka. Masu tambayar Sarakuna Takwas kuwa, suna nan lafiya a ƙarƙashin gado, tsohuwa na ajiye takalman bikinta a kansu.